Ranar da Almu Ya Yi Kiwo a Thamesmead

Idan ka zauna da Almu na minti goma, zai gaya maka ya taɓa kiwon shanu ɗari biyu shi kaɗai. Idan ka yi haƙuri ka kai minti ashirin, shanun sun zama ɗari biyar, har da raƙumi mai ido ɗaya. Ni kuwa ɗan goggona ne, abokin wasana, na san shi tun yana yawo ba wando. Awaki uku na san an taɓa ba shi, na kakarmu a Malumfashi, kuma kwana tara ya yi da su aka karɓe. Yanzu gadi yake yi a wani ofis wajen Charing Cross, yana zaune a hawan ƙasa na benenmu a Thamesmead. Ni ina hawa na huɗu, ƙofata na kallon ta Mma Anatu.

Mma Anatu tsohuwa ce 'yar zangon Kumasi, mai Hausar zango da ko mage mace "shi" ake ce mata. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ɗanta ɗaya yana Kanada, ba ta da abokin zama sai magenta, Kwalli. Baƙa ce wuluk, sai ƙafar gaba ta hagu fara tas kamar ta taka nono. Tare suke kallon talabijin, tare suke faɗa. Da za a yi wa Mma aikin gwiwa, ita da kanta ta kawo min magen a hannu, ta kawo kwanon abincinta, ta tsaya a ƙofata ta ƙi tafiya.

"Shafa'atu, ɗiyata, ga Kwalli. Aikin nan ba ya ba ni tsoro. Amma in na dawo ban gan shi ba, ki ce wa mai mota ya juya da ni asibiti kawai."

"Mma, ki daina irin wannan maganar. Ko gashinta ɗaya ba zai faɗi ba."

Na yi alkawari da bakina, ba wanda ya matsa min.

Sai aka zo ƙarshen Oktoba. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba, bari in gaya masa abin da ake yi. Ranar talatin da ɗaya ga wata yara suke shigar dodanni, wannan ƙwarangwal, wancan fatalwa, waccan mayya da doguwar hula, su bi gida gida suna buga ƙofa a ba su alawa. A fafe kabewa a yi mata ido da haƙora, a kunna kyandir a ciki. Samari kuma su yi ta harba abin tartsatsin wuta a sama kamar ana yaƙi. Mutane suna jin daɗinsu. Dabbobi ne suke shan wahala.

Kachollom, 'yar Jos da ke hawa na biyu, ita ta fara tayar da maganar a group ɗin benenmu. Tana da wani ɗan farin kare mai suna Gwate, wanda bara ya cinye cakulan ɗin yaranta har ya kwana a wajen likitan dabbobi. Ta turo takardar da likitan ya ba ta. Ba wani abu mai wuya a ciki: kowace dabba a bar ta a gidansu, a ɗaki mai shiru, a rufe ƙofa da labule, a ɓoye alawa, a nisanta ta da wuta.

Minti goma ba a yi ba, sai ga saƙon murya daga Almu. Minti bakwai da sakan arba'in.

Ya ce da girmamawa ga Bature, amma Bature bai san dabba ba. Ya ce kaɗaici ne yake kashe dabba, ba ƙara ba. Akuya ɗaya a ɗaki kuka take yi, akuya goma a turke barci suke yi. A garinmu, in ji shi, makiyayi ɗaya ne yake bi gida gida ya tattara dabbobin unguwa, ya tsare su, da yamma ya sake su kowace ta nufi gidansu ba mai nuna mata hanya. Saboda haka shi, Almu, ya ɗauki hutun aiki ranar, zai kafa garke a flat ɗinsa, kowa ya kawo abin kiwonsa.

Washegari muka haɗu da shi a bakin lif, ni da Kachollom da Saani, wani ɗan Tamale mai tuƙa motar raba kaya.

Na ce, "Sarkin makiyaya, an tashi lafiya? Ya raƙumin?"

"Ke dai ba a yin maganar ilimi da ke."

"Flat ɗinka fa shi ne na farko a bakin ƙofa. Duk yaron da ya shigo benen nan, kai zai fara bugawa."

"Shi ya sa. Makiyayi a bakin garke yake kwana."

Kachollom ta ce, "Oga Almu, kare da mage da zomo a ɗaki ɗaya? Ka taɓa gani?"

"Madam, na taɓa kwantar da kura a tsakiyar tumaki."

"A ina?" in ji Saani.

"Ba ka san wajen ba."

Da na ce su rabu da shi, da sun rabu da shi, sai dai kowa da matsalarsa. Kachollom za ta fita zagaye da yaranta, gidanta kuma cike yake da cakulan. Saani yana da shift har ƙarfe shida, zomon 'yarsa kuma a baranda yake kwana, inda ƙarar wuta ta fi yawa. Suka yi ta jan ƙafa, a ƙarshe suka ce to. Ni na ce masa ko inuwar Kwalli ya taɓa sai na aske masa gemu da almakashin kifi.

Abin da na manta shi ne makullina. Ina da saurin fushi, ban ɓoye wa kowa ba, kuma sau biyu ina buga ƙofa da ƙarfi in kulle kaina a waje. Tun lokacin na ajiye makulli ɗaya a wajen Almu.

Ranar da abin zai faru, asibiti suka kira da safe suka ce an sallami Mma, in zo ƙarfe biyu. Na sa Kwalli a ɗakin kwanana, na ja labule, na kunna mata rediyo a hankali, na ajiye ruwa da abinci, na rufe. Na ce kafin magariba mun dawo. Wanda ya san sallamar asibitin ƙasar nan yana dariya yanzu. An sallame ka, amma maganinka bai zo ba, mai sa hannu ya tafi cin abinci, mai kawo keken turawa ya ɓace. Muka zauna, Mma da jakarta a cinya, ni da waya a hannu.

Ƙarfe uku da rabi saƙo ya shigo group. Hoto ne, da rubutu a ƙasa: "An kammala tattara garke, alhamdu lillahi." Ga Gwate an ɗaure shi da igiyar shanya a ƙafar teburi. Ga zomo a cikin kwandon wanki. Ga Almu a tsakiya, ya sa malfa, ya rataya gora, ya saɓa sanda a kafaɗa ya rataye hannuwa a kanta. Na ƙara girman hoton don in yi dariya da kyau, sai na ga wani abu a ƙarƙashin kujera. Farar ƙafa ɗaya.

"Mene ne, ɗiyata?" in ji Mma.

"Ba komai, Mma. Council ne, maganar shara."

Na fita baranda na kira shi.

"Almu, uban wa ya ce ka shiga gidana?"

"Kuka na ji tana yi, Shafa'atu. Kin kulle baiwar Allah ita kaɗai da rediyo, ana ta labarin farashin gas. Ko mutum ne ai sai ya yi kuka."

"Ka mayar da ita yanzu."

"Ta riga ta saba da garke. In na raba su yanzu, sai ta shiga damuwa."

"Tana ƙarƙashin kujera."

"Inuwa ta samu."

Na gaya masa abubuwa da dama da ba zan rubuta ba, har wata nas ta leƙo ta ce in rage murya. Ya ce network ba kyau, ya kashe.

Ƙarfe huɗu, wani hoton. Ya kwaɓa lalle ya shafa wa Gwate a gadon baya, ya ɗiga wa zomo a bayan wuya. Ya ce haka ake yi, kowace dabba da alamar gidansu, don kada a rikita wajen mayarwa. Kwalli kuwa, ya ce, baƙa ce lalle ba zai kama ta ba, kuma ba ta ba da haɗin kai ba.

Kachollom ta amsa daga kanti, ana jin ƙarar keken sayayya a bayanta. "Oga Almu, wa zai rikita kare da zomo? Ka wanke min shi yanzu kafin ya lasa. Wallahi in Gwate ya sake kwana a asibiti, tare za ku kwana."

Ya ce ya zaɓi inda harshe ba ya kaiwa, aikin gwani ne. Sannan ya sanar cewa ya dama musu dusa da kanwa. Da bai sami dusa ba, ya yi da oats. Saani ya turo kalma uku daga kan hanya, da irin maganarsu ta Tamale: "Massa, kar ka." Allah ya taimaka ba wanda ya ko shinshina kwanon. Almu ya ce ƙoshi ne, alamar kwanciyar hankali.

A wannan watan ƙarfe biyar ba ta yi sai duhu ya shiga. Ana idar da magariba yara suka fito. Daga nan abin da zan faɗa, rabi Kachollom ce ta gani da idonta, rabi kuma Almu ne da kansa ya aiko, don ya danna ɗaukar murya zai yi wa jama'a bayani, ya kulle ta, ya jefa wayar a aljihu ya manta.

Bugu na farko, Gwate ya yi haushi ya ja teburi taku biyu. Zomo ya fara buga ƙafa a kwando. Almu ya buɗe ƙofa, malfa a ka, sanda a hannu, fuska a murtuke, ya ce da Turanci shi ba ya wannan biki, su tafi, akwai dabbobi a ciki. Wasu ƙwarangwal guda uku suka ɗaga kai suka dube shi.

"Nice costume, uncle."

"Ba costume ba ne. Kayan aiki ne."

Ya ɗaga sanda ya yi irin kukan da ake korar shanu da shi. Yara suka yi ihun daɗi suka tafa. Uwarsu ta ce ko zai sake, ba ta ɗauka a waya ba. Don su tafi, ya debo dabino ya zuba musu a bokiti. Kafin minti goma labari ya zaga unguwa cewa akwai wani mutum a hawan ƙasa da yake wasan dodo na gaske, har da kuka, kuma yana ba da wani abu mai zaƙi. Layi ya kafu tun daga ƙofarsa har wajen ajiye kekuna. Duk wanda ya buga, Almu ya buɗe ya yi masa faɗa, faɗan kuma shi suka zo kallo. Kachollom ta ce ta ƙirga buɗewa goma sha huɗu kafin ta gaji. Ta ce masa ya liƙa takarda a ƙofa ya daina buɗewa. Ya ce makiyayi ba ya ɓuya.

Sai aka fara harba wuta a filin bayanmu. Gwate ya haukace, ya zagaya teburi har igiya ta naɗe ƙafafun Almu. Zomo ya kifar da kwando. A cikin muryar da aka ɗauka ana jin Kwalli tana wani gurnani daga ƙasa, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba.

A nan ne Almu ya ce, ana ji sarai, "To, lokacin hayaƙi ya yi."

Wai a ruga da yamma ana hura wa shanu hayaƙi, su taru a jikinsa su natsu. Ya ɗauko kaskon turaren wuta, ya kunna gawayi a kan murhun girki. Ya zuba turare, ya ga bai isa ba, ya ce wannan na amare ne, dabba ciyawa take so. Ya fita da malfarsa ya cika ta da busasshen ganyen da ya zube a tsakar gida, rabinsa a jiƙe, ya dawo ya danna a kan garwashi.

Ƙararrawar falonsa ta fara. Ya hau kujera ya kifa mata malfa. Ba ta daina ba. Hayaƙi ya cika ɗaki, sai ya wangale ƙofa don hayaƙin ya fita. Benenmu kuwa tun gyaran da aka yi bara, in hayaƙi ya taɓa na'urar da ke baranda, ginin gaba ɗaya ne yake ɗauka. Hawa tara suka kama kuka a lokaci guda.

Abin da mai hankali zai yi, ya zuba wa kasko ruwa, ya rungumi dabbobi ya fita da su a hannu. Almu sai ya tuna da ilimi. Ya fizge igiya har ƙafar teburi ta karye, ya ture kwando, ya tsaya a tsakiyar falo yana kaɗa sanda.

"Har, har. Kowa gidansu. Dabba ta san gidanta."

A daidai lokacin ina cikin motar haya da wayar a kunnena Kachollom tana ba ni labari, Mma tana gyangyaɗi a gefena, sandunan asibiti a tsakanin ƙafafunta. Na ce wa direba ya taka. Ya ce akwai kyamara a hanya. Na ce ni ma akwai abin da zan yi a gaba wanda kyamara za ta so ta gani.

Muka iso muka tarar da benenmu gaba ɗaya a waje. Tsofaffi da barguna, masu girki da ludayi, fatalwowi da mayu sun fi hamsin, ga jar motar 'yan kwana-kwana tana walƙiya. Na zaunar da Mma a kan ɗan gajeren bangon bakin ƙofa.

Gwate ba shi da wuyar samu. Ya fito da gudu yana jan ƙafar teburi, bayansa jawur kamar an sare shi, yara suka bi shi suna tafi, suna cewa shi ya fi kowa shiga a bana. Kachollom ta cafke shi tana goge shi da mayafinta tana ambaton sunan Almu da na kakanninsa. Zomo kuwa bai je ko'ina ba. Taku biyar ya yi ya sami kabewar wani a bakin ƙofa, ya zauna yana cin haƙoranta. Saani, da ya iso ko rigar aiki bai cire ba, ya ɗauke shi ya sa a cikin jaket.

Almu yana tsaye yana yi wa shugaban 'yan kwana-kwana bayanin yadda ake hayaƙi a ruga. Fuskarsa duk toka. Na tafi kansa kai tsaye.

"Ina Kwalli?"

"Ta tafi gida. Ki hau ki gani, tana bakin ƙofar Mma tana jira."

Ma'aikacin da ya sauko daga sama ya ce ya bi kowane hawa, ƙofofin matakala duk a rufe suke, bai ga mage ba.

Ban san Mma tana jin mu ba sai da ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shafa'atu. Kwalli yana ina?"

Na duba filin. Duhu, ƙarar wuta ta kowane gefe, manyan motoci suna wucewa a titi, ga tafki a bayan gini. Baƙar mage a irin wannan yammacin.

"Minti biyar," in ji Almu. "Ni da na bi sawun saniya daga Malumfashi har Funtuwa."

Ya ruga. Jama'a suka watsu da fitilun waya, ana leƙa ƙarƙashin motoci. Sau biyu ana ihun an gan ta. Na farko yarinya ce mai kunnuwan roba da jela. Na biyu magen kwali ce, an liƙa a taga.

Sai ga Almu ya dawo yana haki, ya ƙunshe wani abu a riga, abin yana ta fizge-fizge. Hannunsa duk yaƙushi, kuncinsa da layi uku. Ya ratsa taro, ya durƙusa a gaban Mma, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mma, ga amanarki. Da na yi mata kiran da muke yi a daji, da gudu ta zo."

Ya buɗe riga. Wani ƙaton baƙin muzuru ya leƙo, kansa kamar ƙwarya, da jan ƙyalle a wuya. Mma ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa huɗu, duk baƙi.

"Wannan ya ninka Kwalli biyu."

"Tsoro ne, Mma. Dabba in ta tsorata kumbura take yi."

"Farin ƙafan fa?"

"Hayaƙi ne ya rina."

Bai rufe baki ba sai ga wata doguwar Baturiya daga benen da ke kallonmu, da hular mayu da tsintsiya a hannu, tana tafe tana faɗa. Ta ce tana zaune a falonta ta ga hannu ya shigo ta taga ya ɗauke mata mage a kan kujera. Muzurun ya ji muryarta, ya taka fuskar Almu ya yi tsalle ya faɗa jikinta. Ta nuna shi da tsintsiya ta ce ta ga mutane iri-iri a unguwar nan, amma ba ta taɓa ganin ɓarawon mage da hular kaba ba.

Saani ya ce, "Massa, da ka yi lalle a kan wannan ma, da ba ka rikita ba."

Ni kuwa abin ya zo min wuya. Na ce, "Jama'a, ku saurara. Mutumin nan awaki uku ya taɓa kiwo a duniya, na kakarmu. Ranar farko suka shiga gonar liman. Ranar biyar ɗaya ta haihu bai sani ba, ya dawo gida yana rantsuwa an ƙara masa. Ranar tara ya yi barci a gindin tsamiya, awakin suka dawo gida, shi aka fita nema da fitila."

Kachollom ta ce, "Raƙumin fa?"

"A kalanda ya gan shi."

Aka yi dariya har da waɗanda ba sa jin Hausa. Mma ce kaɗai ba ta yi ba. Ta buɗe jakar asibitinta, ta lalubo kofin shayinta na ƙarfe da cokali. Ta ce wa Saani ya ce kowa ya yi shiru. Saani yana da murya. Har mayu suka yi tsit.

Ta buga cokali a bakin kofi sau uku, ta dakata, ta sake bugawa sau uku. Haka take kiran Kwalli cin abinci kullum, shekara goma sha ɗaya.

Ba komai. Wata wuta ta fashe a sama, ta mutu. Mma ta sake bugawa.

Sai muka ji wani ɗan siririn kuka, ba daga fili ba, ba daga titi ba. Daga tagar ɗakin kwanan Almu.

Ma'aikaci ɗaya ya shiga. Da ya fito yana rungume da wani kwali mai murfi, yana kawar da hanci gefe. Almu yana ganin kwalin ya miƙe tsaye. Nan yake ajiye hulunansa na zuwa masallacin Regent's Park ranar Idi, guda takwas, kowace da takardarta, ba ya bari ko ni in taɓa. Ashe tun bugun ƙofa na biyar ko na shida Kwalli ta sulale ta shige ɗaki, ta faɗa cikin kabad, ta tura murfi ta kwanta a kan huluna. Mage in ta tsorata ba gudu take yi ba, ɓuya take yi, kuma hakan yana rubuce a takardar da Kachollom ta turo, layi na biyu. Duk abin da tsoro yake sa mai rai ya yi, Kwalli ta yi shi a cikin kwalin nan, fiye da sau ɗaya.

Farar ƙafa ta fara fitowa, sannan sauran. Ta taka zuwa cinyar Mma ta cusa kai a hammatarta. Mma ta rufe ta da mayafi, tana magana da ita ƙasa-ƙasa, tana share ido da bayan hannu. Ni ma na juya baya na ce hayaƙi ne.

Almu ya leƙa cikin kwali, ya rufe. Ya gyara murya.

"Ai na san tana ciki. Ni na tanadar mata wajen. Kun ga ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Sai shugaban 'yan kwana-kwana ya fara sanarwa. Ya ce kowa zai iya komawa, ba gobara, ganye ne. Amma lif ya tsaya tun da ƙararrawa ta tashi, ya ƙi komawa, sai mai gyara ya zo gobe.

Muka dubi Mma da gwiwarta mai ɗinki. Muka dubi hawa na huɗu. Sannan kowa, har Baturiya mai tsintsiya, ya dubi Almu.

Aka fito da kujerar cin abinci daga falonsa. Aka ɗora Mma, Kwalli a cinyarta. Saani ya ba Kachollom zomo ya kama baya, Almu ya juya ya kama ƙafafun gaba. Kafin su ɗaga, Mma ta miƙa hannu.

"Shafa'atu, ba ni sandan nan nasa."

Na ɗauko sandar kiwo na ba ta.

A hawa na ɗaya Almu yana cewa ya taɓa ɗaukar maraƙi a wuya ya haye kogi. A hawa na biyu ya daina magana. A na uku ya tsaya, gumi yana ɗiga daga gemunsa, ya ce a ɗan huta, kuma shi ma ya manta ko dama ake juyawa ko hagu.

Mma ta ɗaga sanda ta ɗan taɓa shi a kafaɗa.

"Har," in ji ta. "Dabba ya san gida. Hau."